Fashin baƙi: Ƙara wa batir asid yana dawo da shi? Kuma daga ina bolt 12 ɗin nan ya fito?

Idan batirin sola ko na mota ya yi sanyi, zuba masa sabon asid zai farfaɗo da shi? Kuma me ya sa batirin mashin ɗan ƙarami da na inbata wanda sai mutum biyu sun kama, duk bolt 12 ake rubuta musu?

Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 tambayoyin nan suke yawo, sai kuma duhun da Arewa ta sha a Oktoban 2024 ya ƙara musu kaifi, don a lokacin ne duk mai ɗan hali a Kaduna ya fara lissafin sola. Yanzu ka zauna a majalisa a Tudun Wada ko Kawo bayan la'asar sai ka ji ana musun tubula, wato batirin dalma mai ruwa na inbata, da batirin lityam kamar musun ƙwallo. Kwanakin baya na raka wani maƙwabcina wajen mai gyara, batirinsa ya daina kai su tsakar dare, mai gyaran ya auna ya ce "Alhaji ai ruwan ne ya tsinke, bari in sa maka sabon asid", ya zuba, ya ɗora mita, sai ga lamba ta tashi, Alhaji ya biya yana ta godiya. Kwana uku batir ya koma gidan jiya. Ni ban ɗauki mai gyaran macuci ba, haka ya tarar ana yi, kuma mitar ma ba ƙarya ta yi ba. Abin da mitar take aunawa ne mutane ba su gane ba, kuma bayaninsa yana cikin wani babi na kemistiri da 'yan sakandare ke haddacewa don jarrabawa su manta, wato redoks.

Redoks ɗin nan mene ne?

Duk abin da ka sani, ƙarfe ne ko ruwa ko iska, da ƙananan ƙwayoyi aka gina shi waɗanda ake kira atom, kuma kowane atom yana da wasu 'yan mitsi-mitsi masu cajin negatif a kewaye da shi, su ne elektron. Wutar da ke bin waya tafiyar elektron ɗin nan ce kawai. To wasu sinadaran hannunsu a sake yake, da an taɓa su sai su saki elektron, wasu kuma kwaɗayi gare su, duk inda suka ga elektron sai sun fizge. Ranar da mai saki ya gamu da mai fizga, ciniki ya faɗa. Sakin shi ake kira oksideshin, karɓar kuma ridakshin, aka gutsuro kan sunayen biyu aka ce redoks, saboda ɗaya ba ya yiwuwa sai da ɗayan, ba ka taɓa jin an sayar da akuya a kasuwa ba tare da wani ya saya ba.

Sunan oksideshin yana rikita ɗalibai don suna jin oksijin a ciki. Daga nan sunan ya samo asali kam, saboda haɗuwar abu da oksijin masana suka fara lura da ita, irin tsatsa da cin wutar gawayi. Daga baya aka gane oksijin ɗaya ne kawai cikin masu fizgar, kilorin ma gwani ne, shi ya sa ake kashe ƙwayoyin cuta da shi a ruwan famfo. Goron da ka ɓara ka bari ya canza launi, da tuwon da ka ci jikinka ya ƙona shi da iskar da kake shaƙa, duk gida ɗaya suke.

Dabarar batir guda ɗaya ce: kar a bar mai saki da mai karɓa su haɗu kai tsaye. Idan ka jefa tutiya cikin shuɗin ruwan gishirin tagulla, nan take elektron za su tsallaka, tagulla ta kwanta a jikin tutiyar, ƙarfin duk ya tafi a zafi ba wanda ya amfana. Amma in ka raba su ka ce babu hanya sai ta waya, dole elektron su bi wayar, kai kuma ka tare su a hanya da ƙwan fitila ko fanka su yi maka aiki, ruwan da ke cikin batirin kuma yana daidaita cajin ta ciki don tafiyar kar ta tsaya. Alessandro Volta ɗan Italiya ne ya fara haɗa irin wannan a 1800, da faya-fayan ƙarafa iri biyu da jiƙaƙƙen abu mai ruwan gishiri a tsakaninsu, daga sunansa aka samo kalmar bolt. A 1836 John Daniell na Ingila ya fito da na tutiya da tagulla wanda har yau da shi ake koyarwa a aji.

Tsanin da ke nuna wa zai saki, wa zai karɓa

Ba a iya auna ƙarfin jan sinadari ɗaya shi kaɗai, mita wayoyinta biyu ne, dole sai an gwada shi da wani. Sai masana suka yi ittifaƙi a ɗauki haidrojin a matsayin sifili, a auna kowa da shi a zafin digiri 25 da kaurin ruwa iri ɗaya. Wanda ya fi haidrojin saurin saki ya samu lamba negatif, wanda ya fi shi kwaɗayi ya samu fozitif. Lityam ne can ƙasan tsani da −3.04, alminiyam −1.66, tutiya −0.76, baƙin ƙarfe −0.44, kuza −0.14, dalma −0.13, sai haidrojin a sifili, sama da shi tagulla +0.34, azurfa +0.80, oksijin +1.23, kilorin +1.36, zinare +1.50, filorin a ƙololuwa da +2.87.

Ka ɗauki Kaduna a matsayin sifilin. Zariya tana arewa kusan kilomita 80, Abuja tana kudu kusan 190, to mai tashi daga Zariya zuwa Abuja haɗa biyun zai yi. Haka tutiya tana 0.76 ƙasa da sifili, tagulla tana 0.34 sama da shi, tazararsu 1.10, kuma bolt 1.10 ɗin ne cif batirin Daniell yake bayarwa. Bolt ke nan, tazara tsakanin sinadarai biyu a kan tsanin nan. In an haɗa biyu, na ƙasa shi ke saki shi ke cinyewa, na sama yana karɓa. Shi ya sa sarƙar zinaren kaka take kai wa jikoki ba tsatsa, zinare ya fi oksijin tsayi a tsanin, oksijin ba shi da ƙarfin ƙwace masa komai, ƙarfe kuwa da yake −0.44 damina ɗaya ta ishe shi.

Girman batir ba ya ƙara bolt

Daga nan amsar tambaya ta biyu ta fito. Tunda bolt tazarar sinadarai ce, girma ba ruwansa da ita. Babban batirin rediyo da ɗan siririn na rimot duk 1.5 ne saboda kayan cikinsu iri ɗaya ne. A batirin dalma kowane ɗaki yana ba da bolt 2.1 ko kusa da haka, ɗaki shida ne a jere, in ka duba batirin ruwa za ka ga murafu shida, shida sau 2.1 ya ba ka 12.6. Na mashin da na inbata duk ɗaki shida ne. Abin da girma ke ƙarawa shi ne yawan elektron da aka tara, wannan Ah da ake rubutawa a jiki, 100 ko 200. Kamar tankin ruwa ne a kan bene, tsayin benen shi ne bolt, girman tankin shi ne Ah, kuma ƙaramin bokiti da babban tanki in suna bene ɗaya da ƙarfi ɗaya ruwansu zai sauko, sai dai ɗaya ya riga ɗaya ƙarewa. Mita tsayin benen kawai take gaya maka. Ka riƙe wannan, don a nan kuɗin mutane ke zubewa.

Abin da ke faruwa a cikin batirin dalma

Gaston Planté ɗan Faransa ne ya ƙirƙiro shi a 1859, kuma har yau tubula da na mota a kan tsarinsa suke. Dalma nake nufi ta gaskiya mai nauyin nan, ba alminiyam ɗin tukwanen Panteka da wasu ke kira dalma ba. A kowane ɗaki faranti iri biyu ne a nutse cikin ruwan asid ɗin salfa, ɗaya tsurar dalma, ɗaya dalmar da ta sha oksijin mai launin ƙasa-ƙasa. A cikin asid ɗin ta farko tana −0.36, ta biyu tana +1.69, tazara 2.05, da ɗan ƙarin da kaurin asid ke kawowa sai ya kai 2.1.

Lokacin da kake jan wuta, farantin dalma yana sakin elektron, ɗayan yana karɓa, kuma dukansu biyu suna rikiɗewa su koma farin gishiri ɗaya da ake kira salfet ɗin dalma. Salfet ɗin daga ina ya fito? Daga cikin asid ɗin. Wato asid ɗin da mai gyara ya ce ya tsinke ba zubewa ya yi ba, ba kuma tashi sama ya yi ba, yana nan manne a jikin farantan ya zama gishiri, abin da ya rage a ɗakin ya fi kusa da ruwa. In ka ɗora caji sai a tura elektron baya da ƙarfi, gishirin ya narke, asid ya dawo cikin ruwa. Shi ya sa ake auna nauyin ruwan da haidromita, wannan gilashin mai roba a kai, cikakken batir yana nuna wajen 1.27, wanda ya sauka ƙasa sosai wajen 1.12.

Saura dalilin tashin lambar mita. Lambobin tsanin nan na wani ƙayyadajjen yanayi ne, in kaurin ruwa ya canza su ma suna ɗan motsawa, Walther Nernst na Jamus ne ya fitar da lissafin a 1889. Masu aikin batir suna da gajeriyar hanyarsa, ka ɗauki nauyin ruwan ka ƙara 0.84 sai ka samu bolt ɗin ɗaki ɗaya. Ruwa mai 1.12 zai ba ka 1.96, sau shida 11.8. Ka zuba sabon asid ya koma 1.27, nan take ka samu 2.11, sau shida kusan 12.7, lambar sabon batir ke nan fa. Amma farantan suna nan lulluɓe da gishirinsu, ba a ƙara ko ƙwayar elektron ɗaya a ajiya ba, bene kawai aka ɗaga, tankin babu ruwa. Abin da ya fi ba ni takaici ma shi ne in aka ɗora caji wani ɓangare na tsohon gishirin ya narke, asid ya yi yawa fiye da ƙima, sai ya shiga cin ragar da ke riƙe da farantin, batirin da da zai ja wata shida sai ya mutu kafin nan. Wuri ɗaya ne zuba asid ke da hujja, in batirin ya kife ko ya tsage ruwansa ya zube da gaske.

Ainihin ciwon yawancin batiran gidajenmu shi ne zama ba a cike ba. Gishirin nan in sabo ne laushi gare shi, caji yana narkar da shi, amma in ya yi kwanaki ko makonni a zaune sai ya daskare ya zama manyan ƙwayoyi masu tauri da caji ba ya iya tayarwa. Mutum ya sayi batir biyu da faifan sola da bai kai ba, ga firiji ga fanka ga talabijin, a watan Agusta hadari ya rufe rana, da hunturu ƙura ta rufe faifan ba a gogewa, batir kullum yana rabi, a hankali gishiri yana cin fili har ya zama mai 200 ba ya riƙe ko 50. Ga kuma zafin Maris da Afrilu, don ƙa'idar da aka sani ita ce duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan 25 yana rage rayuwar batirin dalma da rabi, amma sai ka ga an cusa shi a lungun da ba iska ƙarƙashin kwano.

To me ya sa ruwan ke raguwa?

A lissafi bolt 1.23 ya isa ya fasa ruwa ya koma haidrojin da oksijin, ɗakin batir kuwa 2.1 ne, ke nan da ruwan ya kamata ya ƙare tun a shago. Abin da ya cece shi, fitar haidrojin a jikin dalma nawa gare ta sosai. Wannan ita ce iyakar tsanin, yana gaya maka abu zai iya faruwa, ba ya gaya maka yaushe ko da wane sauri. Amma da caji ya haura wajen 2.4 a ɗaki, wato 14.4 a batir ɗaya, sai ka ji yana tafasa, ruwa ne ke fashewa yana fita a iska, asid yana nan. Saboda haka abin da ya fita shi za a mayar, tataccen ruwan batir, ba na rijiya ba, ba fiya wata ba. Ruwan rijiya yakan zo da narkakken ƙarfe, shi kuma sai ya zama ɗan aike, ya karɓi elektron a wannan faranti ya kai wa wancan ta cikin ruwa, batir yana sauka shi kaɗai ba a kunna komai ba. Haidrojin ɗin da ke fita kuma in ya kai kashi 4 cikin ɗari a iskar ɗaki tartsatsi ɗaya ya isa, don Allah kar a kwana ɗaki a rufe da tubula yana caji, kar kuma a haska cikinsa da ashana.

Tubula ko lityam?

Lityam shi ne can ƙasan tsani kuma shi ne mafi rashin nauyi a ƙarafa, shi ya sa yake ba da bolt mai yawa a ƙaramin jiki. Na waya yana wajen 3.7, irin wanda ake sa wa sola mai ƙarfe da fosfet yana 3.2, huɗu su ba ka 12.8, goma sha shida su ba ka 51.2 da ake gani a manyan. Kamfanin Sony ne ya fara sayar da batirin lityam mai caji irin na waya a 1991, kuma a 2019 aka ba Goodenough da Whittingham da Yoshino kyautar Nobel saboda shi. Sai dai irin wannan tazarar ruwa ba zai jure ta ba, dole aka koma wani ruwan sinadari mai kama wuta, dalilin da ya sa kowane batirin lityam yake da ɗan allon da ake kira BMS mai yanke wuta in caji ya wuce ko ya sauka da yawa ke nan. Mai ƙarfe da fosfet ya fi na waya jure zafi nesa ba kusa ba, amma shi ma ba a wasa da allonsa.

Masu tubula suna cewa ya fi araha a sayen farko, kowane mai gyara ya san shi, in ya mutu ma ana sayen gawarsa. Gaskiya suka faɗa. Masu lityam suna cewa tubula rabinsa kawai ake sha in ana so ya daɗe, mai 200 a bolt 12 wat 2,400 ne na awa ɗaya a takarda amma 1,200 ne naka, alhali lityam mai 100 a 12.8 yana da 1,280 kuma kusan duka ana sha, ga shi yana jure caji da saukewa sau dubbai, kuma zama a rabi ba ya kashe shi. Su ma gaskiya suka faɗa. Ni dai ga wanda faifansa ba ya cika batir kullum, lityam na fi ba shi shawara in aljihu zai ɗauka, don ciwon da ke kashe tubula a irin gidajenmu shi ba ya kama shi. Inda nake jin tsoro shi ne gwanjon da aka sake wa riga. Bolt ɗin irin wannan lityam kusan a miƙe yake tun daga kusa da cika har kusa da ƙarewa, don ba asid ne ke tsinkewa a cikinsa ba, saboda haka tsohon da ya gaji da sabo fil duk 13 da ɗoriya za su nuna maka a shago. Gwajin gaskiya ɗaya ne, a cika shi a ɗora masa kaya da aka san nauyinsu a duba agogo, mai 100 ya kamata ya ja wat 100 wajen awa goma sha biyu.

Kwano, gwangwani da haɗin waya

Tsanin nan bai tsaya a batir ba. Kwanon rufi ƙarfe ne da aka shafa wa tutiya, ko ƙusa ta huda shi, tutiya da take ƙasa da ƙarfe ita ke cinyewa ta kare shi, sai ta ƙare sannan jan tsatsa ya bayyana, shi ya sa kwano mai siririn shafi ba ya shekara nawa. Gwangwanin madara kuwa kuza aka shafa masa, wanda ke sama da ƙarfe, da ya karce sai ƙarfen ya zama shi ne mai saki, tsatsa ta ci shi da sauri. Alminiyam da yake −1.66 da ya kamata ya fi ƙarfe lalacewa, amma tsatsarsa siririyar fata ce mai tauri da ke rufe shi ruf. Sai mai haɗa sola ya murɗe wayar tagulla da ta alminiyam wuri ɗaya a waje, tazararsu a tsanin bolt 2 ce, ruwan damina ya shiga tsakani, an haɗa ƙaramin batir ke nan ba a sani ba, alminiyam ya dinga zama farin gari, haɗin ya saki ya fara zafi. Akwai kan haɗi na musamman mai ƙarafa biyu da aka yi don wannan, a nemi mai aiki ya sa shi.

Gawar batir

Batirin da ya mutu dalmarsa tana nan da gubarta. A 2010 gubar dalma daga duwatsun zinare da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara sama da 400 a Zamfara, kuma dalmar cikin batir ita ce dai wannan, ƙurarta tana taɓa ƙwaƙwalwar ƙaramin yaro taɓin da ba ya gyaruwa. Yadda tubula ya cika gari yanzu, nan da 'yan shekaru gawarwakinsa za su yi yawa a unguwanni, kuma na sha ganin ana fasa batir da guduma a bakin kwata ana tsiyaye ruwan a ƙasa inda yara ke wasa. Na maƙwabcina yana nan a soronsa, na roƙe shi ya ɗaga shi inda hannun yara ba ya kaiwa, in mai saye ya zo ya ba shi a rufe da murafunsa shida da ruwansa a ciki.